Likitan Da Bai San Mutum Ba

Masu cewa koyar da adabi, tarihi da ɗa'a ga ɗaliban likitanci a Sin, Taiwan da Hong Kong kwaikwayon Turawa ne kawai, ba su karanta tarihin ƙasar ba. Tun ƙarni na 7 Sun Simiao ya wajabta wa likita ya daidaita mawadaci da matalauci wajen jinya. A 1906 Lu Xun ya bar karatun likita a Sendai ya ɗauki alƙalami, domin ya ga ciwon zukatan mutanensa ya fi na jikinsu tsanani.

Abin zargi shi ne salon koyarwar: lacca a babban zaure, hadda, jarrabawa, sai mantuwa. Alhali a Sin rashin yarda ya kai ga dangin majinyata suna kai wa likitoci hari. Hadda ba ta maganin wannan.

A duba Jami'ar Tzu Chi ta Hualien. Ɗalibi yakan ziyarci iyalin mamacin da zai koyi fiɗa a jikinsa, ya san tarihinsa, ya ɗinke shi bayan darasi, ya halarci jana'izarsa. Wanda aka koya wa mutunta gawa haka, da wuya ya wulaƙanta mai rai.