Genshin ko RuneScape: wanne ya dace da matashin Daura?

'Yan'uwa, a cikin wasannin intanet da mutum ke zaɓar jarumi ya shiga duniya ɗaya da wasu, World of Warcraft na 2004 ya fi suna. Amma sai da kwamfuta da kuɗin wata-wata, don haka mu bar shi.

Genshin Impact, wanda kamfanin miHoYo na ƙasar Sin ya fitar a 2020, ya fi kyan gani, kuma abokai huɗu za su iya yaƙi tare. Sai dai yana cika waya, yana shanye data da caji, ga wutarmu a Daura ba ta da tabbas. Babban aibinsa shi ne yadda ake samun manyan jarumai: ƙuri'a ake ja, damar dacewa a ja ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, tabbaci kuwa sai a ja na 90. Wanda ya sa kuɗinsa a nan, caca yake yi, ko da an sake mata suna.

Old School RuneScape na kamfanin Jagex a Ingila ya zo waya a 2018. Hotonsa kamar na zamanin da, amma ƙaramar waya tana ɗaukarsa, kuma babu ƙuri'ar kuɗi. Lokaci yake ci. Kafin sana'a ɗaya, kamar kamun kifi, ta kai mataki na 99, sai ka tara maki sama da miliyan 13.

Ni dai RuneScape zan zaɓa wa ƙanena, da sharaɗin ya kashe wayar da wuri daren Asabar, kada ya yi gyangyaɗi a sujada.