Dashen Itace Iri Ɗaya Ba Ya Mayar da Daji

Duk wanda ya san ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san cewa suna cikin yankunan Jihar Katsina da suka fi samun ruwan sama, kuma can ne ake samun ɗorawa da kaɗanya da marke da maɗaci da ƙirya suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Dajin Kogo na ƙasar Faskari yana cikin dazuzzuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa a shekarar 1920 da ɗari, wato 2020. Sai dai sassabe da saran itacen girki da gasa gawayi sun ci ƙarfin dazuzzukan nan. Ba a jayayya kan cewa dole ne a yi dashe. Abin tambaya shi ne, wane irin dashe?

Al'adar da aka saba da ita ita ce a jera darbejiya ko turare zalla, sahu-sahu, domin suna saurin girma kuma ƙirga su ba wuya. Wannan dabara ta samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda tun ƙarni na 18 da na 19 aka tsara jadawalin da ke nuna yawan katakon da daji zai bayar a kowace shekara. Amma an gina jadawalin ne a kan dajin da itatuwansa iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya. Da zarar an gauraya iri biyu ko uku, sai lissafin ya ruɗe, domin abin da gaurayayyen daji ke bayarwa ba ya zama daidai da jimlar abin da kowane iri zai bayar in an ware shi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Itatuwa iri ɗaya bukatarsu ɗaya, saiwoyinsu suna neman ruwa a zurfi ɗaya, rassansu suna kokawar rana a tsawo ɗaya. In kuwa iri ya bambanta, wani saiwarsa ta nutsa ƙasa, wani tasa ta bazu a sama. Wani ya fi son rana, wani ya jure inuwa. Alal misali, gawo yakan kakkaɓe ganyensa da damina ya yi tofo da rani, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa taki. Haka nan in ƙwari ko wata cuta suka auka wa iri ɗaya, sauran sukan tsira.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan magana. A shekarar 2016 aka buga sakamakon nazarin filayen gwaji fiye da 770,000 a ƙasashe 44, aka gano cewa duk inda ire-iren itatuwa suka ragu da kashi goma cikin ɗari, albarkar dajin takan ragu da kashi biyu zuwa uku. A shekarar 2018 kuma wani gwaji a ƙasar Sin ya nuna cewa bayan shekara takwas, filin da aka dasa iri 16 ya tara fiye da ninki biyu na abin da filin iri ɗaya ya tara. Kusa da gida kuwa, tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka farfaɗo da miliyoyin itatuwa iri-iri ta hanyar sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon ƙone shi.

Sai dai gaskiya ce ba kowace gauraya ke haifar da alheri ba. Turare yakan shanye ruwa ya danne maƙwabcinsa. Saboda haka ne masana irin su Hans Pretzsch na Jami'ar Fasaha ta Munik suka ƙirƙiro lissafin kwamfuta da ke bin itace ɗaya bayan ɗaya, yana auna tsawonsa da faɗin inuwarsa da tazararsa da maƙwabta, sannan ya yi hasashen girmansa. Amma lissafi abin da aka ciyar da shi yake haifarwa. Wanda aka gina da itatuwan Turai bai san halin kaɗanya a ƙarƙashin ɗorawa ba, balle wutar daji da kiwo da rani mai tsawo.

Ashe ke nan ana bukatar awo na gida. Rashin tsaro, wanda sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020 ya fito da muninsa fili, ya sa shiga tsakiyar daji ya zama kasada. Duk da haka ana iya keɓe ƙananan filaye a gonaki da harabar makarantu da bakin garuruwa, a gauraya itatuwan gida, a riƙa auna su kowace shekara.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da rawar takawa. Tsofaffin manoma da mafarauta da masu magani sun san wane itace ke jituwa da wane, amma saninsu yana cikin harshe ne, bai shiga takarda ba. In aka tattara shi aka miƙa wa masana gandun daji, an ba su tubalin gini. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren da aka yi ranar dashe, jikoki ne za su girbe shi.