Ba mu taɓa ganin Bayahude ba, amma ba ya fita daga bakinmu

Wata Litinin ina tsakiyar darasin tarihi da ajin da ke shirin jarrabawar BEPC, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, da gaske ne Yahudawa ne suka ƙirƙiro korona?" Ya ce a wayar yayansa ya ji, cikin wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Ban amsa masa nan take ba. Na tambayi ajin gaba ɗaya ko akwai wanda ya taɓa ganin Bayahude ido da ido. Babu hannu ko ɗaya. Na sake tambaya: su nawa ne a duniya? Wata ta ce biliyan ɗaya, wani ya ce miliyan 500. Na rubuta musu a allo cewa ba su wuce miliyan 16 ba, wato kamar mutum biyu cikin kowane dubu, kuma mu ƴan Nijar mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Aji ya yi tsit. Can sai yaron ya ce: "To ai shi ya sa, mushe. Ƴan kaɗan ne, amma su ke juya duniya."

Wannan amsa ta fi tambayar tsaya mini a rai. Da na ce masa suna da yawa, da ya ce ga hujja. Na ce ba su da yawa, nan ma ya ce ga hujja. Kuma ba laifinsa ba ne, domin irin maganar da nake ji ke nan a fada wajen shan shayi, daga bakin manya masu digiri.

Akwai dalili na fili da ya sa sunan nan ya fi yawan masu shi. Kiristoci da Musulmi sun haura rabin mutanen duniya, kuma dukansu suna karanta labarin Banu Isra'ila a littafinsu. A cikin Alƙur'ani babu annabin da aka ambaci sunansa kamar Annabi Musa (AS). Yaro a Tasawa ko Madawa yana jin kalmar "Yahudu" tun yana makarantar allo, alhali Kurdawa, waɗanda suka fi Yahudawa yawa, sai ya girma ya tsufa bai ji sunansu ba. Amma sanin suna daban, ƙiyayya daban. Ita ƙiyayyar da ke cewa akwai wani ɓoyayyen hannu da ke riƙe da bankuna da annoba da yaƙe-yaƙe, an san inda aka haife ta, kuma a Turai ne.

Cocin Turai ya shafe ƙarnoni yana koyar da cewa Yahudawa, kakanni da jikoki, su ke da alhakin kashe Annabi Isa (AS). Sai a 1965 Cocin Katolika ya janye wannan zargi a hukumance. Mai karatu ya lura: mu Musulmi ba mu ma yarda an kashe Annabi Isa ba, amma ga mu muna taya ɗaukar gabar da aka gina a kan wannan zargi. A wurare da yawa an hana Bayahude mallakar gona, an hana shi shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Coci kuma ya haramta wa Kirista cin riba a kan bashi, sai aka bar wa Bayahude wannan ƙofa. Sarakuna suka riƙa tatsar haraji daga hannunsa, shi kuma yana bin talakawa da masu sarauta bashi, to wa za a tsana? A garin York na Ingila, a 1190, bayan an hallaka Yahudawan garin, jagororin tarzomar sun wuce kai tsaye babban coci inda aka ajiye takardun bashi suka ƙone su. Ingila ta kore su a 1290, Faransa a 1306, kuma dukiyar da suka bari aljihun sarki ta shiga. An tura mutum cikin sana'a ɗaya, daga baya aka ce son kuɗi a jininsa yake.

A 1144 aka tsinci gawar wani yaro kusa da garin Norwich, daga nan aka ƙaga labarin cewa Yahudawa na yanka ƴaƴan Kiristoci don ibadarsu. Da annobar da ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ta ɓarke a 1348, sai aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi. A Strasbourg, cikin watan Fabrairu na 1349, an ƙone ɗaruruwansu. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan hali. Idan ƙyanda ko sanƙarau ya shigo yara suka fara mutuwa, ba a zargin matar maigari da maita. Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata ake nunawa, ko baƙon da ba a san danginsa ba. Na taɓa ganin an yi wa wata tsohuwa haka ina ƙarami, har yau ina tuna yadda take rantsuwa ana yi mata dariya, ana cewa ai rantsuwar ma alamar maita ce. Bayahude a Turai shi ne wannan tsohuwar, na tsawon shekaru ɗaruruwa.

Ba zan ce a ƙasashen Musulmi komai lafiya lau aka yi ba, don ba haka ba ne. Bayahude ɗan amana ne, yana biyan jiziya, matsayinsa na ƙasa da na Musulmi. An yi musu kisan gilla a Garnaɗa a 1066, kuma iyalan Musa bin Maimun, babban malaminsu, sun gudu daga Ƙurɗuba saboda tsananin daular Muwahhidun. Sai dai a Masar ya sauka, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, ya zama likita a fadar Alƙahira. Da Sifen ta kori Yahudawanta a 1492, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na biyu ne ya buɗe musu ƙofa. Labarin ya taɓo mu ma. A wajen wannan lokaci ne Shehu Magili ya ja mutane suka rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau, kafin ya bi ta Ayar ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya je Gawo wajen Askiya Muhammadu. Muna girmama iliminsa, amma ba a cika gaya mana cewa alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa a kan wannan hukunci ba, kuma malaman Magrib sun rabu biyu a kai. Muhawara ce ta fiƙihu a kan haƙƙin ɗan amana. Babu wanda ya ce Yahudawan Tuwat ke mulkin duniya a ɓoye. Ina kuma tuna wa abokan fadarmu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wafati sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude da ya ba shi sha'ir bashi.

To daga ina maganar mulkin duniya ta fito? Babban tushenta wani littafi ne da aka buga a Rasha a 1903, wanda masu Faransanci suka sani da Protocoles des Sages de Sion. An ce wai bayanan taron sirri ne na dattawan Yahudawa. A 1921 wakilin jaridar Times ta Landan, Philip Graves, ya jera shafukansa kusa da na wani littafi da lauya Bafaranshe Maurice Joly ya wallafa a 1864 don sukar Napoleon na uku. Sai ga shi an kwafe sakin layi bayan sakin layi, an cire sarkin Faransa an sa Yahudawa. Littafin Joly ba ruwansa da Yahudawa ko kaɗan. Duk da wannan tonon silili, Henry Ford mai kamfanin mota ya yaɗa shi a Amurka, ƴan Nazi suka yi farfaganda da shi, aka fassara shi zuwa Larabci, yau kuma guntayensa ne ke iso mana da Hausa cikin saƙon murya. Abin da ya biyo baya a Turai shi ne kisan Yahudawa miliyan 6. Aƙidar jinsi da ta yi wannan aiki ba ta bar baƙar fata ba: a watan Yuni na 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka da suka kama daga cikin Turawa, suka bindige su.

Na san abin da ke bakin mai karatu tun ɗazu: to Falasɗinu fa? Ni ma zuciyata na can. An raba Falasɗinawa kusan 700,000 da gidajensu a 1948, ana ci gaba da gina matsugunai a Gaɓar Yamma, kuma bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200, an kashe dubun-dubatar mutanen Gaza, cikinsu har da yara masu yawan gaske. Amma masu wannan aiki suna da suna da muƙami. Gwamnati ce da soji, da firaminista Netanyahu wanda Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama shi a Nuwamban 2024. Afirka ta Kudu da ta kai Isra'ila gaban Kotun Duniya a Disamban 2023, da takardu da kalaman ministoci ta je, ba da littafin jabu na Rasha ba. Da yawa daga cikin shaidun da duniya ke dogaro da su kan zaluncin mamaya, Yahudawa ne suka tattara su, irin su ƙungiyar B'Tselem, da ɗan jarida Gideon Levy, da masanin tarihi Ilan Pappé. Goyon bayan Amurka ma ba asiri ba ne: ƙungiyar AIPAC a fili take aikinta, ga miliyoyin Kiristoci masu jefa ƙuri'a da ke ganin kare Isra'ila ibada ce, ga cinikin makamai. Duk wanda ya haɗa wannan da tatsuniyar korona, gwamnatin Isra'ila ya taimaka, domin ya ba ta damar cewa duk masu sukarta maƙiya Yahudawa ne.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne lalacin da wannan tunani ke koya wa yara. Laifi tudu ne. Idan Yahudawa ne suka sa buhun shinkafa ya yi tsada, to ba sauran tambayar wa ya ɓoye kaya a sito, ko me ya sa har yanzu ƙannensu ke karatu a ajin zana da iska ke kwashewa kafin damina ta kankama.

Ranar dai na ce wa yaron maganar yadda ƙwayar cuta ke yaɗuwa ya kai wa malamin kimiyya, ni kuma na ba shi aikin gida guda ɗaya: ya tambayi yayansa sunan mutumin da ke magana a saƙon, da garin da yake, da inda ya samo labarin. Da mako ya zagayo na tuna masa. Ya ce yayansa bai san mai muryar ba, daga wani zauren WhatsApp na ƴan unguwa ya samu, kuma da ya tambayi wanda ya turo, shi ma ya ce turo masa aka yi.