Jariri Yana Jin Zafi

Jama'ar Mallawa, yau maganar cindo za mu yi, wato ƙaramin yatsa na shida da ake haifuwar wasu yara da shi a gefen ƙaramin yatsa. Ba mugun abu ba ne. Sau da yawa gado ne, kuma ya fi yawa ga baƙar fata. Shi ya sa muke da masu suna Cindo.

Abin da nake faɗa da shi shi ne yadda muke cire shi. Wasu su ɗaure shi da zare har ya yi baƙi ya faɗi. Wasu su jira ranar suna, wanzami ya sa aska. In ka yi magana, sai a ce maka: "Jariri bai san zafi ba."

Wa ya faɗa muku? Kukan da yake tsalawa, na murna ne?

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna yi wa jarirai aiki ba isasshen maganin kashe zafi. Sai a 1987 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito fili ta ce a daina. Su sun gyara. Mu fa?

Zare yakan bar ƙululu mai zafi, yaro ya girma da shi. Askar da ba a dafa ba tana iya sa wa jariri cutar sarƙewar haƙora: ya ƙi nono, jiki ya sandare. Da yawa ba sa tashi.

A asibiti, idan cindon fata kawai ta riƙe shi, aikin ƙarami ne. Ba sai an sa yaro barci ba. Za a wanke hannun, a yi masa allurar kashe zafi a gindin yatsan, a cire da ƙarfe mai tsabta. Uwa ta ba shi nono, su koma gida. Idan akwai ƙashi a ciki, likita zai ce a dakata yaro ya yi ƙwari, ko ya tura ku Magaria ko Damagaram.

Wanzamai iyayenmu ne, muna girmama su. Amma aska ba ta kashe zafi.

Maigida, kana kai sanka wurin malamin dabbobi in ya yi ɗingishi. Ɗanka bai kai sa ba? Cindo ba ya gudu. Ku kai shi asibiti.