SANIN DOKA: Bindigar maƙera ma bindiga ce

Kaka ta yi. Dabbobi sun fara gangarowa daga Tarka da Gadabeji zuwa kudu. Lokacin nan ne ɓarayin shanu suke yawa, rigimar gona kuma take tashi. Shi ya sa wasu mutanen Dakoro da Kornaka da Sakabal suke zuwa wurin maƙeri a ɓoye. Wani yana son a ƙera masa ƙaramar bindiga. Wani ya kawo doguwa ta gado, yana son a rage mata tsawo, don ta shige cikin riga. Kowa cewa yake yi: "Ai ba ta soja ba ce, ta gida ce."

Doka ba ta san wannan magana ba.

Me doka ta ce?

Tun 1961 dokar hukunci ta Nijar ta hana saye da sayarwa da ajiye bindiga ba da izini ba. Albarushi da harsashi ma haka. A watan Afrilu na 1963 aka ƙara wata doka da ta tsara yadda ake ba da izinin. Ma'aikatar ministan cikin gida ce take ba da takardar. Maigari ba ya ba da ita, ardo ba ya ba da ita.

Maƙeri fa?

Aikin maƙeri shi ne hauya da gatari da lauje da wuƙa. Babu mai hana shi. Amma ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne, ko adaka ce. In asiri ya tonu, maƙeri da mai bindiga tare za su tsaya gaban alƙali. Akwai kaso, akwai tara, bindigar kuma a karɓe ta. Kuɗin aikin yini guda ba zai ci da iyali ba in maigida yana kaso.

Wanda yake da takarda fa?

Takarda ta mutum ɗaya ce, ta bindiga ɗaya. Sunan mai ita yana ciki, da irin bindigar. In aka yanke ta ko aka sāke mata kama, ta bar wadda aka rubuta. Ranar da jandarma ya duba, takarda daban, bindiga daban. Takardar uba kuma ba ta zama ta ɗa. In uba ya rasu, sai magada su sanar da hukuma.

Don me ake tsananta wa gajeriya?

Doguwar bindiga ana hango ta daga nesa. Gajeriya tana shiga kasuwa, tana zuwa bakin rijiya, ba wanda ya gani. Gardamar da dattawa za su kashe da baki, sai ta ƙare da gawa. Ba a Nijar kaɗai ba ne. Ko a Amurka, inda bindiga ta yi yawa, tun 1934 akwai doka ta musamman kan bindigar da aka gajarta. Ga wani haɗarin kuma: ƙarfen da ba a auna ba yana iya fashewa, ya tafi da yatsun mai shi.

Ina mafita?

A 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa doka. Ran 25 ga Satumba na 2000, a Agadas, aka ƙone bindigogi fiye da 1000 a gaban jama'a, don tabbatar da zaman lafiya. Wanda yake da bindiga ba takarda, ya faɗa wa maigari ko ardo, su raka shi wurin jandarma. Wanda aka kore wa dabbobi, ya kai ƙara tun sawu bai ɓace ba. Wanda aka yi wa ɓarna a gona, ya je gaban sarakai a auna ta.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, ya karanta wa maƙerin gari. Rigakafi ya fi magani.