Farkon Fim Na Minti Biyu: Aikin 'Yan Makaranta Da Bai Cancanci Raini Ba

Akwai wani aiki da aka shekara da shekaru ana ba 'yan makarantar sakandare a ƙasar Ingila, wanda in mutum ya ji labarinsa da farko sai ya ɗauka wasan yara ne. Aikin kuwa shi ne a ce wa yara 'yan shekara 16 ko 17 su haɗa kansu, kada su wuce mutum huɗu, su tsara farkon wani fim da ba a taɓa yi ba, su ɗauke shi da kyamara, su jera sunayen waɗanda suka yi shi, kuma duka-duka kada ya wuce minti biyu. Hukumar jarrabawa ta OCR ce ta sa wannan cikin ayyukan da ɗalibi zai iya zaɓa a fannin nazarin kafofin watsa labarai, tun daga 2008 har zuwa 2017 da aka sake fasalin jarrabawar nan tasu da suke kira A-level. Makarantu da yawa sun karkata ga fim ɗin zullumi, watau irin wanda ke riƙe mai kallo zuciyarsa na dar-dar, yana jiran abin da zai auku. Ni a ganina wannan aiki ya fi ƙarfin raini, kuma rage masa daraja da aka yi daga baya kuskure ne.

Masu raina shi ba su da wuyar samu, gama a can Ingila ma an daɗe ana yi wa fannin kallon mafakar malalata. A cikin 2011 ƙungiyar manyan jami'o'in Birtaniya da ake kira Russell Group ta fitar da jerin darussan da ta ce sun fi buɗe wa ɗalibi ƙofar jami'a, irin su lissafi da kimiyya da tarihi da harsuna, kuma babu nazarin kafofin watsa labarai a ciki. Ko da yake ta janye jerin a 2019, tabon da ya bari bai goge ba. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, yaron da ya kamata a ce yana gaban littafi an sake shi yana yawo a lungu da kyamara. To, kafin mu yanke hukunci, bari mu duba abin da ke ƙunshe cikin minti biyun nan.

Minti biyu sakan 120 ke nan. In aka ƙaddara kowace ɗauka za ta zauna sakan huɗu a idon mai kallo, ana bukatar ɗauka 30. Kowace ɗaya cikin talatin ɗin nan sai an san inda za a kafa kyamara, da inda ɗan wasa zai tsaya, da ta inda haske zai shigo, kuma da wuya a same ta daidai a karo na farko. Saboda haka ne a wancan lokacin hukumar ba ta barin ɗalibai su faɗa babban aikin kai tsaye, sai sun fara yin wani ƙarami na gwaji: mutum ya buɗe ƙofa, ya ratsa ɗaki, ya zauna gaban wani, su yi 'yar magana. Mai karatu zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. Amma a nan ake gane wanda ya iya. Hannun da ya kama ƙofa daga waje dole ya zama shi ne ke tura ta sa'ad da aka koma ɗauka daga ciki. Haka kuma akwai ƙa'idar digiri 180, watau a ƙaddara wani layi tsakanin masu maganar nan biyu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin, kada ta ƙetare. In ta ƙetare, wanda ɗazu yake duban dama sai a gan shi yana duban hagu, mai kallo ya rikice, ya rasa wa ke fuskantar wa. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci cewa abin da ke cikin kansa dabam, abin da ya isa ga mai kallo dabam, kuma nauyin daidaita su a wuyansa yake.

Yadda aka raba makin ma abin lura ne. Cikin maki 100, an ware 20 domin bincike da shiri, 60 domin fim ɗin kansa, sauran 20 kuma domin ɗalibi ya auna aikinsa, ya faɗi inda ya dace da inda ya gaza. Shirin nan ba na fatar baki ba ne. Sai an zana kowace ɗauka a takarda, gida-gida, an rubuta tsawonta da sautin da zai bi ta. Sai an je an ga wurin da ido tun kafin ranar aiki, an san ko akwai wutar lantarki, ko ƙarar motoci za ta danne magana, da kuma wanda za a nemi izininsa. Sai an rubuta haɗarin da ke iya aukuwa da matakin kauce masa. A birnin Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, ga shi kuma sararin samaniya ba shi da alkawari. Yaran da suka tashi daga makaranta suka tsaya gardamar inda za a ajiye kyamara, kafin su daidaita duhu ya rufa. In sun dawo kashegari suka tarar an yi ruwa, rabin fim ɗinsu ƙasa a bushe, rabi a jiƙe, kuma ba dabarar da za ta gyara wannan a wurin haɗa hotuna. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai kuma dalilin da ya sa fim ɗin zullumi ya fi dacewa da wannan horo. Kuskuren da sabon shiga kan yi shi ne ya zaci jini da wuƙa da ihu su ne ke tsorata mutane. Alfred Hitchcock, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya warware matsalar a hirar da ya yi da François Truffaut a 1962. Misalin da ya kawo na mutane ne zaune suna hira, alhali akwai bam a ƙarƙashin teburinsu. In mai kallo bai san da shi ba, zai firgita na ɗan lokaci kaɗan sa'ad da ya fashe, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, aka kuma nuna masa agogo, to, hirar banzar nan za ta riƙe shi har ƙarshe, yana ji kamar ya yi musu tsawa su tashi. Ashe zullumi daga sani yake fitowa, kuma aikin mai shirya fim shi ne ya yanke abin da mai kallo zai sani, da lokacin da zai san shi.

Orson Welles ya nuna haka a aikace a farkon fim ɗinsa Touch of Evil na 1958. Abin da aka fara gani shi ne hannun mutum yana murɗa agogon bam, ya jefa shi cikin but ɗin mota. Daga nan kyamara ta bi motar cikin wani gari na kan iyakar Amurka da Meziko, fiye da minti uku ba a yanke ba, motar na tsayawa tana tafiya cikin jama'a, har ta ƙetare iyaka kafin ta tashi. Ba a ga ɗigon jini ba duk tsawon wannan tafiya. Haka nan Steven Spielberg a farkon Jaws na 1975 bai nuna kifin da ya halaka yarinyar da ke iyo ba, sai ruwa da duhu da kiɗan John Williams. Wannan albishir ne ga ɗan makaranta marar kuɗi, domin abin da ake bukata, watau ƙofa da inuwa da takun ƙafa da agogon bango, duk suna cikin gidan ubansa. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne tunanin jera su.

Har ila yau aikin yana haɗa yaro da doka tun yana ƙarami. A Birtaniya hukumar BBFC ce ke sa wa finafinai iyakar shekaru, kuma wanda aka sa wa 18 ba a barin wanda bai kai ba ya shiga silima ya gani. Ɗan shekara 16 da ya cika aikinsa da yanka da sara yana iya yin abin da shi kansa doka ba ta yarda ya kalla ba, saboda haka tilas ya tambayi kansa ko su wa yake yi wa fim ɗin. Bugu da ƙari, tun daga gyaran doka na 2003, laifi ne a Ingila mutum ya fita bainar jama'a da abin da ya yi kama da bindiga ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Mai wucewa bai san fim ake yi ba, ɗan sanda ma da aka kira bai sani ba. Wanda kuma yake ganin neman izinin wuri ɓata lokaci ne, sai ya tuna da abin da ya faru a jihar Jojiya ta Amurka ran 20 ga Fabrairu, 2014. Masu shirya fim ɗin Midnight Rider sun hau gadar jirgin ƙasa ba da izinin kamfanin jirgin ba, jirgi ya taho, wata mai taimaka wa mai kyamara, Sarah Jones, 'yar shekara 27, ta rasa ranta. A 2015 daraktan, Randall Miller, ya amsa laifinsa a kotu aka ɗaure shi. Waɗannan manya ne da suka san sana'ar. Gara yaro ya koyi rubuta takardar neman izini a kan aikin minti biyu da ya koya bayan an yi hasara.

Akwai kuma sauti da rubutun sunaye, waɗanda sabon shiga kan bari sai ƙarshe. Ƙa'idar hukumar a wancan lokacin ita ce duk hoto da sauti su zama ɗaliban ne suka yi, in ban da kiɗan da mai shi ya sake wa kowa. Ba damar a ɗauko waƙar wani shahararren mawaƙi a liƙa, kuma ta nan yaro ke fara sanin haƙƙin mallaka. Sunaye kuwa, Saul Bass ya nuna a Vertigo na 1958 da Psycho na 1960 cewa yadda haruffa ke shigowa da yadda suke tsagewa yana iya tayar da hankalin mai kallo tun ɗan wasa bai buɗe baki ba. Shi kansa Welles, kamfanin Universal ya ɗora sunaye a kan doguwar ɗaukar nan tasa, sai a 1998 aka sake haɗa fim ɗin bisa wasiƙa mai shafi 58 da ya rubuta musu, aka cire su.

To, me ya faru a 2017? An rage kason aikin hannu daga rabin makin jarrabawar zuwa kashi 30 cikin 100, aka kuma ce kowane ɗalibi ya yi nasa shi kaɗai. Masu wannan gyara suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu rashin adalci ba. Duk malamin da ya taɓa raba aji ƙungiya-ƙungiya ya san akwai cima-zaune, wanda sai ranar miƙa aiki ake ganinsa, ya ci gumin 'yan'uwansa. Akwai kuma tsoron kada hannun malami ko na iyaye ya yi yawa a cikin aikin da ba a gaban mai tsaron jarrabawa aka yi shi ba. Amma maganin cima-zaune shi ne a raba aiki a rubuce, a san wanda ya zana, da wanda ya ɗauka, da wanda ya haɗa, a ba kowa makin abin da hannunsa ya yi, kuma tsohon tsarin ma ya ba malami ikon bambanta makin 'yan ƙungiya ɗaya. Fim sana'ar taro ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da bai taɓa jiran abokin aikin da ya makara ba, bai taɓa sauke ra'ayinsa domin na wani ya fi ba, bai taɓa fito da aiki a ranar da aka yanke duk da saɓanin da ke tsakaninsu ba, an hana shi rabin darasin.

Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan ba zai rasa gane abin da ake nufi ba, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba. Ƙiyasta abin da aiki zai ci, da neman izini kafin a shiga wuri, da raba nauyi, da rubuta rahoton gaskiya bayan an gama, su ne abubuwan da ake nema ga duk wanda aka danƙa wa aikin jama'a, kuma rashinsu ne ke barin gini a tsaye ba rufi. Ga ɗalibai kuma, yau wayar da ke aljihun da yawansu tana ɗaukar hoto mai kyau, saboda haka rashin kayan aiki ya daina zama uzuri. Shawarata ga malaman da ke koyar da wasan kwaikwayo da aikin jarida ita ce su gwada wannan aiki yadda yake a da: mutum huɗu, minti biyu, kuma kada a ba kowa kyamara sai ya kawo zanensa da takardar izininsa an duba an sa hannu.