SAUYA KAMSHAF ƊIN BABUR A MUBI: A YI LISSAFI KAFIN A KWANCE INJI

MUBI (Sharhin Tattalin Arziki) — Duk wanda ya san garin Mubi na Jihar Adamawa ya san cewa arzikinsa a kan hanya yake. Garin yana gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma kasuwarsa ta shanu tana cikin mafiya girma a Arewa maso Gabas. Manyan motoci ne ke kwasar shanu zuwa kudancin ƙasar, amma buhun masara ko na wake ko na gyaɗa da ke fitowa daga ƙauyukan Gella da Sahuda da Muchalla da wajajen Maiha, sau da yawa a bayan babur yake fara tafiyarsa.

Ko da yake Keke Napep ya karɓe yawancin jigilar cikin gari a biranen Arewa tun bayan da aka hana babura a Maiduguri a 2011, aka kuma hana acaɓa a Kano a 2013, a hanyoyin karkara masu hawa da gangara har yanzu babu abin hawan da ya maye gurbin babur. Saboda haka a wannan yanki babur jari ne, kuma duk abin da za a kashe masa ya cancanci irin lissafin da ɗan kasuwa ke yi kafin ya sari kaya.

Ɗaya daga cikin shawarwarin da mai babur kan ji, idan ya koka cewa mashin ɗinsa ba ya ja, ita ce ya sauya kamshaf ya sa irin na tsere don injin ya ƙara ƙarfi. Shawarar tana da daɗin ji, domin ƙarfen ƙarami ne, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon babur ba. Sai dai idan aka zauna aka duba yadda injin ke aiki da irin aikin da babur ke yi a Mubi, za a tarar cewa ga mafi yawan masu neman abinci da shi, wannan sauyi asara ce.

Kamshaf wata 'yar sanda ce ta ƙarfe mai tozo-tozo, wadda ake samu a injin irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng. Tsofaffin babura masu cin fetur gauraye da baƙin mai ba su da ita. Aikinta shi ne buɗe bawul guda biyu, ɗaya na shigar iska da mai, ɗaya na fitar hayaƙi, kuma tana yin zagaye ɗaya ne a duk zagaye biyu na karanshaf. Tsayin tozon shi ke nuna iya zurfin da bawul zai buɗe, faɗinsa kuma shi ke nuna tsawon lokacin da zai yi a buɗe. A taƙaice, kamshaf ne ke tsara numfashin inji.

Kamshaf ɗin tsere yana da tozo mai tsayi da faɗi, don haka bawul kan buɗe sosai ya kuma daɗe a buɗe, har a sami lokaci mai ɗan tsawo da bawul ɗin biyu suke buɗe tare. Idan inji yana juyawa da matuƙar sauri, wannan yana taimaka masa ya cika cikinsa, ƙarfinsa ya ƙaru. Amma idan yana juyawa a hankali, wani ɓangare na man da ya shigo kan bi ta salansa ya fice ba tare da ya ƙone ba, wani kuma ya koma ta inda ya fito. Sakamakon haka shi ne injin ya rage ƙarfin tashi daga tsaye, silo ya ƙi zama daidai, mai kuma ya riƙa tafiya a banza. Wato an ɗebo ƙarfi ne daga ƙasa an kai shi sama.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da ya ɗauro buhu biyu zai hau tudu a hanyar Sahuda, ko zai ratsa rairayin Kogin Yedzaram da rani, ko caɓi da damina, abin da yake bukata shi ne ƙarfin ja a giya ta ɗaya da ta biyu. Gudun da kamshaf ɗin tsere ke ƙarawa yana fitowa ne a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, babu kaya, an murɗe totur har ƙarshe. Mai jigilar hatsi ba ya samun irin wannan hanya sai jefi-jefi, kuma in ya same ta, birkinsa da tayoyinsa ba a yi su don wannan gudu ba. Ya biya kuɗi ke nan ya sayar da ƙarfin da yake ci da shi kullum, ya sayo wanda ba zai mora ba.

Akwai darasi a tarihin masana'antar kanta. A tsakiyar shekarun 1970, injiniyoyin kamfanin Honda na Japan sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda ake labta wa babura kaya fiye da kima, ba a kuma sauya baƙin mai a kan kari, abin da ke lalata kamshaf ɗin da ke saman inji. Maganin da suka kawo a 1975 shi ne samfurin CG125, wanda aka sauko da kamshaf ɗinsa ƙasa, aka sauƙaƙa shi, don ya jure wahala da ƙarancin kulawa. Wannan tsari ne kamfanonin ƙasar Sin da dama suka kwaikwaya, kuma jikokinsa suna nan cike da hanyoyin Afirka ta Yamma. Abin da ya sa suka karɓu shi ne juriya da tsimin mai. Haka nan Boxer ta ƙasar Indiya, mai inji kusan cc 100, ta sami farin jini ne a hannun 'yan acaɓa bisa wannan dalili.

Dangane da kuɗi kuwa, farashin ƙarfen shi kaɗai ba shi ne ƙarshen magana ba. Tozo mai tsayi yana bukatar sifirin ɗin bawul mai ƙarfi, in ba haka ba bawul zai kasa komawa mazauninsa a kan lokaci. Dole a auna tazarar da ke tsakanin bawul da fistan, domin in suka haɗu, bawul ya lanƙwashe, aikin ya koma na kwance inji gaba ɗaya. Dole a sake daidaita kafireta, sau da yawa har da salansa da matatar iska. Ga sabon gaskit, ga kuɗin makaniki, ga kuma kwanakin da babur zai yi a gareji babu shiga. Wanda ya karɓi babur a hannun wani bisa yarjejeniyar biyan balas, kwanakin nan bashi ne a kansa, kuma da wuya mai babur ya yarda a taɓa masa inji.

Yawancin waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, ko dai ta Legas da Nnewi ko ta Kano, kafin su iso Mubi da kuɗin mota a kansu. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar Amurka da ake samu kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ta ɓangaren Kamaru ma babu sauƙi, tunda kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro, don haka faɗuwar naira ta sa kayan ƙetaren iyaka sun ƙara tsada ga mai riƙe da naira.

Amma babban kuɗin yana cikin tanki. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita a hukumance kimanin naira 185 ne. Cikin 'yan kwanaki ya kai naira 500 da ɗoriya a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ya wuce naira 1,000 a wurare da dama. A da, lokacin da mai ke da araha har ana tsallakawa da shi Kamaru a jarkoki, injin da ke shan mai ba wani abin damuwa ba ne sosai. Wannan zamani ya wuce.

A ɗauki misali don a ga girman abin. A ce babur yana shan lita 3 a rana, yana kuma aiki kwana 300 a shekara. In sauyin da aka yi ya ƙara masa shan mai da kashi 10 cikin 100 kacal, ƙarin ya zama lita 90 a shekara. In an ƙaddara lita a kan naira 1,000, an yi asarar naira 90,000 ke nan a shekara guda, ban da kuɗin aikin. Kafin wannan ya zama riba, sai babur ɗin ya ƙara yawan sawun da yake yi a rana. Alhali kuwa abin da ke ƙayyade yawan sawu a Mubi shi ne ranar kasuwa da samuwar kaya da halin hanya da shingayen bincike, kuma babu ɗaya cikinsu da kamshaf zai gyara. Bugu da ƙari, injin da ake yawan kai shi maƙurar gudu yana saurin cin ringi da sarƙar cikin inji, kuma idan aka zo sayarwa, babur ɗin da aka san an sauya masa kayan ciki darajarsa kan faɗi.

Wannan ba yana nufin kada a taɓa kamshaf ba har abada. Yakan cinye, musamman in ana barin baƙin mai ya ƙafe ko ya yi datti, kuma alamarsa ita ce ƙara daga saman inji da raguwar ƙarfi. In haka ta faru, sauya shi wajibi ne, amma da irin nasa na asali, tare da duba ƙarafan da ke gogar sa, domin sa sabo a kan tsoho yakan cinye sabon da wuri. Abin da ya kamata a guje wa shi ne a yi wa tozon walda a goge shi da hannu, tunda fatar tozon an gasa ta ne ta yi tauri na musamman, kuma da zarar an ci wannan fata, sauran ƙarfen ba ya daɗewa. Gaskiya ne kuma akwai kamshaf da ake ƙerawa don ƙara ƙarfin ja, amma gane shi yana bukatar takardar awo da kayan gwaji, kuma kwalin da aka rubuta wa suna mai daɗi ba hujja ba ne.

Ga wanda babur ɗinsa ya rage ja, akwai matakai da ya kamata ya bi daga mai araha zuwa mai tsada. Na farko shi ne a dawo wa inji da ƙarfin da ya zo da shi: a daidaita tazarar bawul, a wanke matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, a sauya fulogi, a wanke kafireta, a duba kuloci, a ɗaure sarƙa daidai, a ba tayoyi iskar da ta dace. Yawancin baburan da ake cewa sun gaji, wannan kawai suke bukata. Na biyu shi ne sauya faifan haƙoran da sarƙa ke bi a ƙafar baya. Misali, in na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, aka mayar da na bayan 45, ƙarfin ja a ƙafa zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100. Gudun ƙarshe zai ragu da kusan haka, kuma a doguwar kwalta zai ɗan ƙara shan mai, amma aikin ba ya bukatar kwance inji, in kuma bai yi ba ana iya mayar da tsohon cikin ɗan lokaci.

Na uku, in silinda ta cinye, shi ne a faɗaɗa ta a sa fistan da ringi masu awon gaba kamar yadda kamfani ya tanada. Na ƙarshe kuwa, in kayan da mutum ke ɗauka sun fi ƙarfin inji mai cc 100, gara ya tara kuɗin da zai ɓatar a gareji, ya sayar da wanda yake da shi tun yana da daraja, ya sayi mai cc 150, wanda aka ƙera gangar jikinsa da birkinsa da kulocinsa daidai da ƙarfinsa. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a harkar inji sau da yawa ita ce ke ƙarewa da tsada.

Ba laifin makanikai ba ne kawai. Da yawansu sun koyi sana'ar ne a hannun iyayen gidansu, da kunne da tafin hannu suke gane ciwon inji, kuma gwanintarsu ce ta riƙe jigilar yankin. Abin da suka rasa shi ne kayan awo da ƙarin horo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi tana da ɓangaren koyar da aikin injiniya, kuma babu abin da zai hana ta haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai da na masu babura a shirya gajerun kwasa-kwasai kan awon bawul da daidaita kafireta. Ita kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ya kamata ta riƙa leƙa kasuwannin kayan gyara na garuruwan kan iyaka, domin jabun ƙarfe ɗaya yana iya kashe injin da iyali guda ke ci a kansa. Ƙungiyoyin masu babura su ma za su iya amfani da adashensu wajen taimaka wa 'ya'yansu su sauya babur idan lokaci ya yi.

Mutanen Mubi sun san zafin asarar jari. Bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoba na 2014, aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba, da yawa daga cikin 'yan kasuwa da masu sana'a sun dawo ne suka fara daga tushe. Jarin da aka haɗa da irin wannan wahala bai kamata a yi caca da shi ba. Kafin mai babur ya amince a kwance masa inji, ya dace ya ɗauki biro da takarda ya rubuta abin da yake samu a kan kowace lita a yau, da abin da zai samu bayan aikin, da yawan watannin da za a ɗauka kafin kuɗin su dawo. In lissafin bai fita a takarda ba, to ba zai fita a hanyar Sahuda ba.